Akwatin Kifin Yaya Balkisu

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar yayata Balkisu, ma'aikaciyar jinya, 'yar masunta daga Gummi. A Anka ta yi yawancin aikinta, kuma har yau mutanen can sun fi tuna ta da kifi fiye da allura.

Tana ɗakin yara na asibitin garin lokacin da gubar dalma ta auka wa ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Ana kawo yara daga Bagega da Yargalma, wasu jikinsu ya saki, wasu ko kuka ba sa iya yi. Waɗanda suka fara farfaɗowa kuma da sun hangi farin kaya sai su datse baki, su ƙi magani. Wannan ya dame ta ƙwarai. Da ta je wani kwas Sakkwato sai ta dawo da dogon akwatin gilashi da kifayen ado huɗu a leda, irin da masu sayarwa ke kira anjal: jikinsu shafal kamar faifai, da ratsin baƙi, da dogayen fukafukai masu jan ƙasa kamar gyale. Ta girke akwatin a kusurwar ɗakin. Yaro zai saki baki yana kallo, ita kuwa ta zura masa magani.

Da Baba ya ji labari, dariya ya yi. "Mi za a yi da kihin da ba a ci?" Amma bai bar abin ba. Da ya zo ziyara sai ga shi da 'ya'yan karfasa uku daga gulbi, wai kada na gilashi su zauna cikin kaɗaici. Yaya ba ta iya mayar da kyautar uba ba, ta zuba su. Kwana biyu kacal karfasan suka yayyaga fukafukan anjal, ɗaya ya mutu. Da safe yara suka gan shi yana yawo a saman ruwa, wata yarinya ta ƙi cin komai har la'asar. A ɗakin da ake fama da mutuwa kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina wurin sa'ad da ta faɗa wa Baba, kanta a sunkuye. Bai yi fushi ba. Ya jawo kujera ya zauna gaban gilashin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Laihina na, Balki. Wanga kihi na tsakiyar ruwa na, kuma ba shi son hayaniya. Nemo mashi masu kiwo ƙasa. Kada ki sa mai cizo, kada ki sa wanda ka shiga bakinai."

Haka ta yi. Ta kwashe karfasan, ta kawo wasu ƙanana masu gashin baki kamar 'ya'yan tarwaɗa, suna tonon yashi abinsu. Daga baya ta ƙara da wasu masu sanyin hali da ake kira moli. Ta dasa dogayen ciyayin ruwa don kowa ya sami maɓoya. Duk sabon kifi sai ya yi mako biyu a baho shi kaɗai kafin ta haɗa shi da sauran. Tun daga nan ba a sake faɗa a akwatin ba. Baba kuwa, duk wanda ya zauna kusa da shi a bakin gulbi sai ya ji labarin ɗiyarsa mai kiwon kifin likita.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san wutar sola za ta burge ta, ita da ta sha kaɗa ruwa da moɗa idan wuta ta ɗauke don kada kifi su shaƙe. Na san kuma ranta zai ɓaci da jin cewa hanyar da take bi zuwa gida ba a shigarta yanzu sai da addu'a, kuma har gobe akwai masu niƙa dutse a tsakar gida. Ba mai yawan magana ba ce. Da sai kawai ta ɗaura ɗankwali ta koma aiki.

Ba ta bar gida ko mota ba. Kifayenta na farko ma duk sun mutu tuni. Amma watan jiya na taso daga Bukkuyum, inda nake koyarwa, na leƙa ɗakin. Akwatin na nan, ruwa garau, anjal biyar na shawagi a tsakiya. A bango akwai wata takarda da ta koɗe, an lulluɓe ta da leda: ranar canjin ruwa, yawan abinci, da jerin kifayen da ba a haɗawa. Wata matashiyar ma'aikaciya da ba ta taɓa ganin Yaya ba ta ce da ita suke aiki har yau.

"Malam, ko ka san wadda ta rubuta?"

"Yayata ce," na ce, da ƙarfin da ya sa iyayen yara suka waiwayo. "Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Allah Ya jiƙan Balkisu, Ya sa Aljanna ce makomarta.