Mai Masaukina da Gidan Caca

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi ƙarfina. Lokacin da majalisar jiharmu ta North Carolina ta ɗauko maganar halatta sababbin gidajen caca, har ana cewa za a kafa ɗaya a arewa da Greensboro, ina tsakiyar karatun digirin ƙarshe a fannin tattalin arziki. Ka san halin ɗalibi idan ya haɗiye littafi uku: gani yake duk duniya bayaninsa take jira. To, haka nake a lokacin, sai ma abin da ya ƙaru.

Duk ranar Lahadi bayan la'asar mu Hausawan garin mukan taru a gidan Alhaji, a wajen titin Gate City Boulevard. Alhajin nan shi ne mai masaukina. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, ba mu haɗa komai ba sai yare da addini. Wata biyu ina kwana a falonsa kafin in samu ɗaki a unguwar Glenwood. Shi ya raka ni na sayi rigar sanyi, shi ya koya mini tuƙin garin. Direba ne, irin masu ɗaukar fasinja ta waya, kuma da motar nan tasa guda ɗaya yake riƙe da gidansa. Matarsa, Hajiya, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. A gabansu ko ƙafa ba na miƙewa.

Amma ranar da maganar caca ta taso, sai na manta da kaina. Muna cikin cin shinkafa wani ya ce ya ji a labarai, ni kuwa na ajiye cokali na gyara zama.

Na ce jama'a, ku tsaya ku ji. Mutanen nan ko an halatta ko ba a halatta ba, yi suke yi. Ga shi nan an buɗe musu wani gidan cacar a jihar Virginia, da ka tsallaka iyaka, tafiyar awa guda. Kuɗin jiharmu can yake zubewa. In an gina a nan, haraji ya tsaya a gida, a gyara makarantu, matasa su samu aiki. Hanawa kuma ba ta haifar da komai sai waɗannan ƙananan shagunan cacar ɓoye masu baƙin gilashi, da ba wanda ya san abin da ake yi a ciki.

Hajiya tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Kai, ɗan nan! Wannan shi ne karatun da aka turo ka ka yi? Ni da idona na ga tsohuwa a wajen aikinmu, ba ta gane jikokinta, amma kullum sai ta tambaye ni yaushe motar gidan caca za ta zo. Gidanta ma a can ya tafi. Wace makaranta za a gyara mata?"

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Hajiya, ai wannan matsalarsu ce ta 'yan ƙasa. Mu ina ruwanmu? Mu musulmi ne, abin haramun ne a wajenmu. Ko a ƙofar gidan nan aka gina shi, wallahi ba Bahaushen da zai leƙa. Su yi cacarsu, mu mu hau titi mai kyau."

Mazan da ke wurin suka ce gaskiya ne. Har zuciyarmu mun yarda cewa tunda mun san hukuncin abu, to abin ba zai taɓa mu ba. Alhaji yana goge hannu, ya ce, "Ni dai abin da na sani, akwai fasinja. Ka kai mutum Virginia, ka jira shi, ka dawo da shi, ka yi aikin yini guda ke nan." Na ce to kun ji, ga shaida daga bakin mai sana'a. Hajiya ta yi tsaki ta koma kicin.

Maganar dokar ta mutu a majalisa, ba a gina komai ba. Na ɗan ji haushi, na kuma manta.

Bayan wasu watanni, wata Asabar da rana, Alhaji ya kira ni. Ya ce batirin motarsa ya mutu, yana can gidan cacar Virginia, ya kai fasinja. Ko zan iya zuwa in tayar masa? Na ce haba Alhaji, har sai ka tambaya? Na bar abin da nake yi na kama hanya.

Na same shi a wajen ajiye motoci, ya jingina da motar. Mun gaisa, na buɗe gaban mota, na miƙa masa kai ɗaya na wayar jona batiri. Da ya sunkuya zai maƙala, sai wani kati ya zamo daga aljihun rigarsa, yana lilo a jikin igiyar roba. Katin 'yan gida ne, irin wanda masu caca ke zurawa a na'ura. Sunansa ne a jiki, ɓaro-ɓaro. Ya ga na gani. Ya mayar da shi aljihu a hankali, ya ce in je in tayar da tawa.

Motar ta tashi. Na ce, "Alhaji, mu jira fasinjan naka ko?"

Ya ce, "A'a, ya samu wata motar."

Muka dawo Greensboro, yana gaba ina binsa a baya. Tsawon awa guda ina kallon motar nan ba kowa a kujerar baya. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Na san in abin ya ci gaba motar ce za ta fara tafiya, gidan kuma ya bi ta.

Daga baya, guntu-guntu, na fahimci yadda aka yi, domin shi da kansa yakan saki magana kamar ba da gangan ba. Da farko a mota yake jira, har sallah yake yi a gefenta. Da sanyi ya shigo, sai ya fara shiga ciki ya zauna, akwai ɗumi, akwai kofi. Wata rana wani fasinja da ya ci ya ba shi 'yar takarda ta buga caca kyauta a matsayin tukuici. A ganinsa ai ba kuɗinsa ba ne. Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini ke nan, sauran kuwa na gani a fuskarsa.

To yanzu ni me zan yi? Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce, ka zaunar da shi mana ka gaya masa gaskiya. Hmm! Mutumin da ya haife ni ko a shekaru, wanda na ci tuwon gidansa wata biyu, in dube shi in ce Alhaji kana caca? Bakin nawa da ya iya cika falo da surutu, a nan ya ƙi buɗuwa. A wajenmu yaro ba ya yi wa babba faɗa. Babba ake nema, sa'ansa, a tura masa. Amma mu nawa ne a garin nan? Duk sa'anninsa a sahu ɗaya suke sallar Juma'a da shi. In na gaya wa ɗaya, na tona masa asiri ke nan, kuma shi ne wanda ake kira in za a ɗaura aure ko a sasanta ma'aurata. In na yi shiru kuma, na zuba masa ido yana nitsewa.

Sai na bi hanyar da muka iya. Wata rana na roƙe shi ya sauke ni a Elm Street, muna tafe na ce, "Alhaji, akwai wani bawan Allah da na sani, mutumin kirki, sai ya faɗa harkar caca. Ina tsoron kada iyalinsa su shiga wani hali. Me ya kamata a yi masa?"

Bai juyo ba. Yana kallon hanya ya ce, "A yi masa addu'a. Allah ya shirye shi." Na ce amin. Ya tambaye ni ya karatu, na ce alhamdu lillahi. Na fita daga motar ina jin haushin kaina kamar in mari fuskata.

Ana nan kuma sai jihar ta halatta cacar wasanni ta waya. Ban yi wa kowa bayanin amfaninta ba. Ranar Lahadi in an ɗauko zancen, sai in sa kai a kwano. Hajiya har tsokanata take yi, wai yau malamin tattalin arziki azumin magana yake? Alhaji ya rame. Ya rage dariya. Wayarsa kuma kullum a kife take a kan cinyarsa.

Wata Asabar wajen azahar ina ɗakina, sai ga kiran Hajiya. Muka gaisa, muryarta wasai.

Ta ce, "Ɗan nan, godiya na kira in yi maka. Alhaji ya ce duk Asabar ɗin nan wajenka yake yini, kana koya masa kwamfuta, wai zai nemi aikin ofis ya huta da tuƙi. Allah ya yi maka albarka. Yanzu ma yana wajen naka ko? Na kira wayarsa ba ta shiga."

Na dubi ɗakin. Ni kaɗai ne, sai littattafaina. Da ni ya rufe kansa, domin ya san ni, ya san ba zan iya ƙaryata shi a wajen matarsa ba. Matar nan ita ta faɗi gaskiya tun ranar farko, na yi mata dariya. Ga ta yanzu tana jira, kalma ɗaya kawai take nema daga bakina, kuma na san wadda ta kamata.

Na ce, "E, Hajiya. Ya ɗan fita ne, yanzu zai dawo."

Ta ce, "To madalla. Don Allah ka riƙe mini shi da kyau, ka ga duk ya rame."

Na ce to.