Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa wa Likita

Ko na manta komai na duniya, ba zan manta ranar da muka je Sakkwato jin sakamakon gwajin ƙwaƙwalwar Inna ba. A farkon shekarun tamanin ne, ina koyarwa a firamare a Bukkuyum, ita kuwa tana Gummi tana sana'ar shinkafa tun bayan rasuwar Baba. Sanƙarau ya kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ta tashi da mantuwa: ta ɗora tukunya ta manta, ta tambaye ka abu ɗaya sau uku.

Kawu, yayanta, mutum ne mai yanke hukunci tun ba a gama sallama ba. Ya ce ta zautu, zai kwashe ta zuwa ƙauyensa a riƙa tsaronta. Ni kuwa na san ranar da aka raba Inna da ɗakinta da tukwanenta, an binne ta da ranta. Da ƙyar na roƙe shi a fara kai ta asibiti.

Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce amma ana ganewa. Ya yi safiya guda da ita su kaɗai, yana yi mata tambayoyi, yana ba ta sunayen abubuwa ta riƙe. Da ya kira mu, Kawu ya ce mata, "Jira mu waje, mu ji mi za shi cewa." Haka muka saba, ba a maganar ciwo a gaban mai shi. Likita ya jawo mata kujera kusa da shi ya ce, "Kan nata ne, ita za ta fara ji."

Da mai daɗin ya fara, yana kallon ta, ba mu ba. Ya ce hankalinta na nan daram, lissafinta ma ya fi nasa sauri. Abin da ciwon ya taɓa shi ne riƙe sabon abu. Ya ce kamar rumbu ne, tsohon hatsi na ciki lafiya lau, bakin ne ya tsuke, sai a hankali sabo ke shiga. "Wannan ba hauka ba ne, Inna," in ji shi.

Sai ya ce abu ɗaya ya dame shi, kuma ba zai yanke komai a kai ba sai ya tambaye mu. Ya nemi sunan mijinta ta yi shiru, ya nemi na ɗanta na fari ta kau da kai. In har ta manta waɗannan, to tsohon hatsin ma ya taɓu.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. "Haba likita, ni da kunyata? Ga ta nan zaune, ita ce ɗiyar hwari, ka ce in kama sunanta?" Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Na bayyana wa likita cewa a wurinmu mace ba ta kiran sunan miji ko na ɗan fari. Ya ce to sauran fa? Ta jero ƙannena da jikoki, har da wanda bai cika ziyartarta ba. Likitan ma ya dara, ya ce yau ya ƙaru.

Ya gaya mana yadda za a yi: tukunya ɗaya a kan wuta, wani ya kasance kusa, kowane kaya da mazauninsa, kuma kar a sake ce mata "ai an gaya miki". Ya ce ta maimaita abin da ta ji. Ta dubi Kawu ta ce, "Yac ce ban haukace ba, kuma ɗakina ni ka komawa." A mota Kawu ya yi ta cewa shi dama bai ce ta zautu ba, muka bar shi da bakinsa.

Inna ta ci gaba da sana'arta har tsufa ya sauke ta. Mantuwar ba ta bar ta ba, amma ta daina jin tsoron kanta. Tun ranar na gane cewa gwaji rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a zaunar da mai ciwo a gaya masa da bakin da zai gane, a kuma tambayi waɗanda suka san shi kafin a yanke masa hukunci.