Kafintan da ya yi zaɓe bayan rasuwarsa

Shekara talatin tana ɗinki a wani ɗan shago mai taga ɗaya, kowa Inna Mai Keke yake ce mata. Mijinta kafinta ne, kuma ba ya wasa da zaɓe. Ko zazzaɓi yake yi sai ya je ya bi layi. Takan tsokane shi cewa ƙuri'arsa ba ta taɓa fitar da ko kansila ba, shi kuma ya ce, "Oho dai, ai tawa ce."

Ya rasu saura wata bakwai a yi zaɓe. Da ranar ta zo, Inna ta rufe shago ta tafi makarantar da ake jefa ƙuri'a, don ta san abin da zai so ke nan. Ma'aikaciyar zaɓe ta bi rajista da yatsa har sau biyu.

"Inna, sunanki ba ya nan."

"Sake dubawa dai, 'yata. Ƙarƙashin na maigidana yake."

Ma'aikaciyar ta juyo mata da takardar. Ga hotonsa nan, hularsa a karkace, an ja biro a gefen sunan.

"Wannan ai ya jefa tasa tun da safe."

Inna ta dafa teburin. "Da hannuna na rufe masa ido," ta ce.

Daga nan ta shiga zarya ofishin zaɓe da takardar shaidar mutuwarsa. Akawun ofishin ya ce masu rubuta mutuwa ofishinsu daban, ba sa ganin takardun juna.

"To ku riƙa gani mana, ɗana! Wanda ya mutu a aiko muku da sunansa. Wanda kuka cire da ransa ku sanar da shi tun da wuri."

"Gaskiyarki, Inna. Amma sai an gyara doka."

Shekara uku tana wannan jeka-ka-dawo. Wanda ya yi zaɓe da sunan mijinta ba a taɓa gano shi ba. A ƙarshe akawun ya kira ta, yana murmushi, ya nuna mata sabuwar rajista: an mayar da ita, an cire marigayi. Ta duba. A saman sunanta, inda na mijinta yake a da, sunan wani baƙo ne da ba ta sani ba.

Ta yi masa godiya, ta fito ta zauna a kan matakala, ta rufe fuska da gyale. Har aka tashi daga aiki tana nan tana kuka.