Ranar da Kaka Ta Ɗaga Kai

Wata Juma'a bayan girbin hatsi, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, Inna ta tsaya bakin ɗakin Baba tana share hawaye da bakin zane. Kaka, wato mahaifiyarta, ta kwana goma gidanmu a Dogon Dutsi tana shan magani, washegari motar kasuwa za ta mai da ita rugarsu wajen Ɗan Kassari. Likita bai ɓoye wa Inna komai ba. "Ko hotonta ɗaya ba ni da shi," in ji ta, "kai kuwa hoto ne sana'arka."

Kyamara biyu gare shi. Ƙaramar, wadda ake mannawa a ido a murɗa bakinta har mutum ya fito sarai, ita yake ji da ita: ga sauri, fim ɗaya hoto talatin da shida, da ita yake bin buki da suna. Ɗayar tsohuwa ce mai ido biyu, nauyi kamar dutsen niƙa, sha biyu kacal take ɗauka, daidai cibiya ake riƙe ta a leƙa ta sama. Mu yara "akwatin iskoki" muke ce mata.

Matsalar kunya ce. Tunda Baba ya auri Inna bai taɓa duban surukarsa ido da ido ba. In ya hango ta, takalmi yake tuɓewa ya durƙusa. Aka shimfiɗa mata tabarma kusa da damman hatsi. Yana kai ƙaramar kyamarar ido, Kaka ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Sau uku! Ni kam dariya nake ƙunshewa, ban san abin kuka ba ne.

Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko akwatin. Ya durƙusa daga nesa, ya sunkuyar da kai cikinsa yana murɗa saitin a hankali, sai ka ce mai gaisuwa. Kaka ta saci kallo, ta ga ba ita ake duba ba. Ta ɗaga kai, har da murmushi, don akuyarmu na satar harawa a bayansa. Ƙyas!

Ba ta ga damana ba.

Yau wayata cike take da hotunan da ko buɗewa ba na yi. Na Kaka ɗaya ne tak, a bangon Inna, har tsagar kumatunta ana ƙirgawa. Da Baba ya tsufa na tambaye shi wacce ta fi cikin kyamarorin nan. Ya ce, "Ƙaramar ta ciyar da ku. Amma cikin akwatin nan na fara ganin fuskar kakarki, na ce ashe ita kika ɗauko."

Tun daga ranar, in kewarta ta kama ni, madubi nake dubawa.