Tafin Hannun Kawu

Shekarun baya, zamanin mulkin gurguzu da kowa a ƙasar Benin ya koma "kamarad", wato abokin gwagwarmaya, tun daga mai sayar da doya har liman, ina gyaran manyan motoci a tashar Parakou. Allah Ya ba ni hannu irin na aikin, faɗi kamar faifai, ga kanta, ga baƙin mai da sabulu ya gaji da shi. A gidanmu in na miƙa hannu a zuba mini gyaɗa, sai mahaifiyata ta ce gara in kawo kwano, ya fi mata sauƙi.

Ina da kawu, wan mahaifiyata, mutumin Djougou. Jikan fataken goro ne, amma kasuwa ba ta taɓa shiga ransa ba. Ya yi gonar masara a wajen Pélébina, ya kafa bukka, ya rataye bindigarsa adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Da ita yake korar birai tun ina ƙarami. To, sai yanar ido ta fara rufe masa gani, birai kuwa suka gane. Wata damina suka cinye rabin gonar. Mahaifiyata ta sa shi ya yi alkawari a gaban dangi: in suka sake cinyewa, zai bar gona ya dawo Parakou ya zauna a ɗakin zaure. Kawu ya amsa, amma kowa ya san zaman nan zai kashe shi kafin lokacinsa.

Da masara ta fara goyo, na ɗauki hutu na hau babur na tafi in zama idonsa. Abin da na tarar ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya. Biran nan sun san iyakar inda adaka take kaiwa. Akwai wani suri can bayan gona, a nan babbansu yake zama ya harɗe, yana sosa ciki yana kallonmu. Da mun juya baya sai ya sako jama'arsa. Kawu ya raɗa masa suna Kamarad, wai don shi ma ya yarda gona ta kowa ce. Wannan maganar a cikin bukka kawai ake yin ta, ba a kai ta kunnen delege, wakilin gwamnati a ƙauye.

Kawu ya ce a da yana samun kan surin nan daga gindin kaɗanya. Ya faɗa mini yadda ake ɗuri: albarushi tafi ɗaya, tsumma, dalma, a danna da sanda. Na yi yadda ya ce, na ɗora tsohuwar ƙwarya a kan suri, na auna na ja kunama. Bindiga ta doke ni a kafaɗa har na zauna ba shiri. Da hayaƙi ya washe, ƙwarya tana nan lafiya lau, sai wani reshe can sama da ya rasa ganyensa.

Ni kuwa makanike ne, kuma makanike ba ya yarda laifin hannunsa ne, kullum laifin inji ne. Na narka dalmar tsohon batir na zuba harsasai masu kai ɗaya. Na yanko wayar taya na ɗaura a bakin bindiga don saiti. Na sassaƙa itace mai baki biyu na ɗora ta a kai don kada ta yi rawa. Duk sun taimaka, don harbin ya daina zuwa dama da hagu, amma har yanzu sama yake wucewa. Kafaɗata ta kumbura, albarushin Kawu yana ƙarewa da sauri, Kamarad kuwa ya daina ko motsawa in ya ji ƙara. Kawu yana zaune a inuwa yana saurare, ya ce muryar bindigarsa ta sauya, da can tari take yi, yanzu tsawa take yi. Muka ɗora laifin a kan damina, muka shanya albarushi a rana, ba abin da ya sauya. Gaskiya raina ya ɓaci, don na fara hango shi a zauren mahaifiyata yana ƙirga kaji.

Ran nan da rana muna cin sakwara a akushi ɗaya. Na gutsuro loma, shi ma ya kai hannu, sai hannunsa ya ci karo da nawa. Ya kama shi, ya juya, ya shafa tafin da yatsunsa kamar mai duba goro. Sannan ya ɗora nasa a ciki. Ɗan siriri ne, ko rabin nawa bai kai ba.

"Ɗana, da wannan shebur ɗin kake auna mini albarushi?"

"Ai ku kuka ce tafi ɗaya, Kawu."

"Tafina na ce. Allah ne Ya tsare, da ka fasa mini bindiga ka fasa fuskarka."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shi bai taɓa tunanin tafi ya bambanta ba, don tun da ya gaji bindigar ba wanda ya ɗura ta sai shi. Na samo ɗan guntun gora, ya zuba albarushi a tafinsa yadda ya saba, muka juye a ciki, na yanke gorar daidai inda ya tsaya. Da wannan mudun na sake ɗuri. Bindiga ta yi tarinta na da, ƙwarya ta tarwatse. Kawu bai gani ba, amma ya ji, ya ce, "Yauwa, ta dawo hayyacinta."

Washegari da hantsi Kamarad ya hau surinsa. Na ɗora bindiga a kan itacen nan, na riƙe numfashi, na ja. Dalma ta fasa kan surin daidai ƙarƙashin mazauninsa, jar ƙasa ta turnuƙe shi. Ya yi tsalle da ihu, jama'arsa suka bi shi har cikin kurmi. Na daɗe ina gaya wa mutane tsorata shi kawai na yi niyya, amma ku da kuke karanta wannan, ku sani shi na auna. Bayan haka duk wanda ya leƙo surin sai ya sha ƙasa, har suka haƙura suka koma gonakin da ba su da kawu.

Da aka yi girbi, Kawu ya sa aka ɗaure buhun masara a kan taksin daji, motar hayar ƙauye, zuwa Parakou, da saƙo ga ƙanwarsa cewa ta zuba a ɗakin zauren, tunda shi ba zai samu zuwa ba. Ta yi ta faɗa, tana yi tana murmushi. A gonarsa ya ƙare kwanakinsa, yadda ya so.

Tun daga lokacin, in dattijo ya ce mini "ɗan kaɗan" ko "cikin hannu", sai in ce ya nuna mini da nasa hannun. Bindigar tana wajen 'ya'yansa a Djougou, ni gorar na roƙa. Tana cikin akwatin kayan aikina har yau. Wani lokaci nakan cika ta da gero in juye a tafina, in ga ɗan wurin da ya rufe a tsakiya. Sai in ji kewarsa ta kama ni, don iyakar girman hannun Kawu ke nan.