Hannun da Ɗanmusa Ya Karya

A tungar masunta da ke gangaren Kende, Ɗanmusa ya yi suna wajen saƙar taru da nutso, sai kuma saurin hannu. Zaren rama yake murzawa a cinya, ya saƙa, ya jiƙa a ruwan bagaruwa don kada ya ruɓe da wuri. In tarun wani ya sarƙe a kututture ƙarƙashin kogin Kwara, shi ake kira. Sai ya tuɓe, ya shige ruwa, ya tsinke inda ya maƙale da hannu, ya fito yana zagin mai tarun. Bai taɓa nutso da wuƙa ba, wai wuƙa ta mahauta ce. Saurin hannun kuwa, rabin mazan tungar sun ɗanɗana marinsa.

Shekarar da aka sauke tutar Ingila, ƙanensa Arzika ya haura Dahome sayar da bandar kifi, ya dawo daga kasuwar Malanbil da taru na nailan. An ce a Japan aka yi shi, jirgin ruwa ya kawo shi Kwatano, jirgin ƙasa da mota suka ƙarasa da shi. Ɗanmusa bai san inda Japan take ba, amma nan take ya tsane ta. Ya dubi zaren siriri kamar yanar gizo, ya tofar da yawu, ya rantse hannunsa ba zai taɓa shi ba.

Kifi dai ba ya ganin zaren a ruwa. Abin da Arzika ke kamawa a safiya ɗaya, wasu sai sun yi mako. Fatake masu kai banda Anaca suka koma ƙofarsa, kowa ya bi sahu ya sayo nasa. Kafin damina biyu, ba mai zuwa rumfar Ɗanmusa sai masu neman inuwa.

Wata Laraba ya leƙa gidan Arzika, ya tarar da tarun da ya yi wata huɗu yana saƙa masa kyauta an rufe akurki da shi, don kada shaho ya ɗauki 'yan tsaki. Ya ɗauki filafilin tuƙi ya gangara bakin ruwa, inda Arzika ke ɗaure jirgi. Bugun farko ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Arzika ya ɗaga hannun dama ya tare na biyu, aka ji ƙarar ƙashi har wurin matan da ke banda. Ɗanmusa ya danne shi a laka yana tura kansa cikin ruwa. Tasallah, matar Arzika, ta zaro itacen wuta ta manna masa a kafaɗa, duk da haka sai da maza huɗu suka janye shi, ɗayansu ya bar haƙori a wurin.

Maɗorin garin Matsinkai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙashin ya haɗe a karkace, yatsun suka daina dunƙulewa. Arzika ya ƙi kai ƙara, ya ce wa Sarkin Ruwa ciki ɗaya suka fito. Wannan ya fi bulala zafi ga Ɗanmusa. Kunya ta cinye shi, yana son ƙanensa, amma ban haƙuri bai taɓa koya ba.

Da rani ya hango Arzika tsakiyar ruwa yana fama da taru da hannun hagu, tarun ya sarƙe. Ya tuƙa ya je, ya tuɓe riga ba ko sallama. Iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan.

"Yaya, ɗauki wuƙa," in ji Arzika. "Wanga zare ba shi tsinkewa."

"Mi za ni yi da wuƙa? Zare dai na."

Ya nutse, a ƙasa ya laluba ya sami wurin, ya naɗe zaren a yatsu ya fizga yadda ya saba. Zaren ya shige naman hannunsa har ƙashi. Ya sake fizga, tarun ya nannaɗe masa ƙafa da wuya. Ya yunƙura da dukan ƙarfinsa ya taso har yana ganin inuwar jirgin, saura kamu ɗaya kansa ya fito. Arzika ya riƙe gefen jirgi da hagu, ya zuro hannun dama cikin ruwa. Ɗanmusa ya kama shi, yana jin yatsun suna ta ƙoƙarin rufewa a kan nasa. Ba su rufu ba.

Da azahar aka fito da gawar Ɗanmusa cikin tarun, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Bayan sadakar bakwai Arzika ya koma ruwa da tarun, don babu sauran mai saƙa na rama a Kende.