Yabon da Na Soke a Takardar Jikata

A zamanin da na tashi a Boɗinga, mutum ba ya neman aiki da bakinsa. Babba ne zai kama hannunka ya kai ka gaban mai aikin ya ce ga yaronmu, mun san halinsa, kai kuwa kana durƙushe kana kallon ƙasa. Haka aka kai ni wurin maigidan da na fara bi fataucin albasa, kuma da irin wannan shaida ta baki na yi yawo har gemuna ya yi fari, daga Yamai zuwa Kumasi har Abijan. Fillanci na tashi da shi, Zabarmanci da Faransanci da ɗan Turanci kuwa a hanya na tsince su. A Abijan na ga samari suna jera abin da suka iya a gaban mai ɗaukar aiki kamar masu tallan atamfa, ina yi musu dariya a zuci, ina cewa mu a wurinmu yabon kai jahilci ne. Ashe wannan al'ada ta biyo ni har ƙofar gida, ban farga ba sai da abin ya faɗa kan jikata.

A hannuna ta tashi bayan rasuwar mahaifinta, kuma wasan kaka da jika bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Ina ce mata amarya, tana ce mini angon da haƙora suka guje wa. Da ta gama makarantar koyon aikin jinya, sai aka ji wata ƙungiyar agaji na neman nas guda a wani asibitinta da ke yankin Shagari. Kusa ne, za ta iya zuwa ta kwana gida. Ta zauna ta rubuta takardar bayanin kanta, wadda yara ke kira sibi, ta kawo mini don na fi kowa a gidan sanin duniya. A ciki ta faɗi damunar da ta yi tana sanin makamar aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye can bayan Horo Birni, da haihuwar da ta karɓa ita kaɗai ranar da ruwa ya yanke hanya, da yadda ta bi rugage tana lallashin mata da Fillanci har suka kawo 'ya'yansu rigakafi.

Ina karantawa kunya na kama ni. Na yi kaza, na iya kaza, ni ce na yi kaza. Na ce mata ɗiyar mutunci ba ta magana haka, masu karantawa za su ce ba ta da tarbiyya. Ta yi dariya ta ce tsoho, wannan ba zancen aure ba ne, idan ba ta faɗa ba wa zai faɗa? Na ce akwai mai faɗa. Na sa ta sake wata takardar, sunanta da makarantarta da sakamakonta kawai, a wurin mai ba da shaida kuma muka sa sunan aminina.

Aminin nan a Shagari yake, tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya, kuma ya san mutanen ƙungiyar. Tun muna samari muke cin tuwo a akushi ɗaya, shi ya karɓa mini auren uwargidana. Na hau mota na kai masa takardun biyu. Na ce ga wadda za a miƙa, ga kuma ta farkon don ya san abin da zai faɗa idan an tambaye shi, tunda yabo a bakin wani ya fi daɗin ji. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce Alhaji ka kwantar da hankalinka, jikarka ai tawa ce. Har ya tsokane ni cewa duk yawon duniyar da na yi, sai na dawo Shagari neman alfarma.

An kira ta ganawa. Ta dawo da la'asar ba ta ce da ni ango ba, ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙo. Sai da na matsa ta ba ni labari. Wata mata cikin masu tambayar ta ce takardarta fayau take, ko ta taɓa aiki a karkara? Sai ta fara ba su labarin haihuwar nan ta ranar ruwa. Matar ta tsayar da ita, ta ɗauko wata takarda ta karanta mata labarin kalma da kalma, da sunan autar aminina a sama, wadda ajinsu ɗaya da jikata amma ita a cikin Sakkwato ta yi nata sanin makamar. Fillancin kaɗai aka cire, don yarinyar ba ta ji. Matar ta ƙara da cewa sun kira mai ba jikata shaida, ya ce yarinyar kirki ce, jikar abokinsa ce, amma aikinta bai sani ba. Jikata ta ce rashin aikin bai dame ta kamar kallon da suka yi mata ba, kallon wadda ta saurari labarin wata ta ɗauka.

Na koma Shagari na sami aminina a inuwar da muka saba zama. Na yi zaton zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Sai ya ce mini shi abin da na yar ya tsinta, ba ni nake cewa yabon kai jahilci ne ba? Ya ce aiki rabo ne, yaran duk namu ne, wadda ta samu ai gida ta samo wa. Ya tura mini goro. Na zauna da 'yan damfara a tashoshin ƙasashe da yawa, sun cuce ni na bar su da Allah, amma babu ɗayansu da ya taɓa kallon idona ya kira cutar zumunci.

Na so in kai maganar gaba, jikata ta hana. Ta ce ba za ta fara aikin ceton rai da tona asirin ƙawarta ba. Ta sake rubuta takardarta da hannunta, ta mayar da duk abin da na soke, ta sa babbar nas ɗin ƙauyen da ta ga aikinta da ido a matsayin mai shaida. Ba ta nuna mini ba. Aikin da ta samu daga baya a wata jiha ne mai nisa.

Ina roƙon dattawa irina, idan ɗiyarku ta rubuta gaskiyar abin da ta yi, ku bar mata. Faɗin gaskiya ga mai neman sani ba alfahari ba ne. Shaida kuma ku nema wurin wanda ya ga aikin, ko da ba ku taɓa cin tuwo tare ba.

Yanzu sai da Sallah nake ganinta. Ni da aminina kuwa idan jana'iza ta haɗa mu, muna gaisawa, kowa ya nemi nasa sahu.